A Cire Mata Riga ko a Rufe Ta? Gardamar Sanyaya Uwar Garke a Ƙasar Kaura

Daga Kasuwar Daji zuwa Kaura Namoda, ka miƙe Shinkafi ko ka karkata Zurmi, duk shagon da ke da kwamfutar da ba a kashewa, da wuya ka same ta da murfinta na gefe idan bazara ta kama. An kwance shi an jingine a bango, an jawo fanka ta tsaye an saita mata fuska, wayoyin ciki sai rawa suke yi. Wasu masu gyara da kansu suke ba da shawarar: "Alhaji, cire mata riga ta sha iska." Wasu kuma, galibi waɗanda suka bi ta aji a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura ko makamanciyarta, da sun shigo sun ga haka sai su riƙe baki, su ce ana kashe na'ura ne da sunan ceto. Gardamar ta daɗe, kuma kowane ɓangare yana da gawar kwamfutar da zai nuna maka a matsayin shaida.

Kada a ji an ce uwar garke, ko saba kamar yadda masu sana'ar ke kiranta, a ɗauka manyan ɗakunan bankunan Legas ake nufi. A nan, tsohuwar Dell OptiPlex ce ko HP ta hannu da aka sayo a titin Beirut na Kano, aka cusa mata faifan ajiya uku ko huɗu. Mai tura fina-finai da karatun malamai a waya yana da ita. Mai cibiyar koyar da jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka koma yin ta a kwamfuta gaba ɗaya, yana da ita, na'urorin ɗalibai na jawo tambayoyin gwaji daga cikinta. Haka mai kantin magani da ke ajiye lissafinsa, da maigidan da ya kafa kyamarorin tsaro. Mutanen Zamfara kuwa ba sai an yi musu wa'azi kan darajar ajiya a gida ba. A farkon Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga, aka kwashe makonni babu kira babu intanet. Wanda kayansa ke can sama a intanet ya zuba tagumi, wanda nasa ke cikin akwati a ƙarƙashin tebur ya ci gaba da neman abincinsa.

Abin da ya sa maganar ta yi tsauri a wajenmu shi ne yanayi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a inuwa, ɗakin kwano marar silin kuwa sai wanda ya zauna a cikinsa da azahar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ke sauko mana da ƙura, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, wurin da masana ke lissafawa a matsayin wanda ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Iska ce ke kwashe zafi, ita ce kuma ke kawo ƙura. Duk ƙofar da ka buɗe wa ɗaya, ka buɗe wa ɗayan.

Mu fara da masu cire riga, domin ana yawan raina hujjarsu alhali tana da ƙarfi. Babbar maganarsu ita ce abin yana aiki, kuma ana gani da ido. Kwamfutar da ke ɗaukewa da ƙarfe uku na rana, a buɗe ta a hura mata fanka, sai ta kai dare lafiya. Ba tatsuniya ba ce: idan ka duba ma'aunin zafin furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, za ka ga ya sauka. Dalili kuwa a fili yake. Waɗannan na'urori an ƙera su ne don ofisoshin Turai da Amurka, takardunsu ma kan nuna kada zafin ɗaki ya wuce digiri 35. Faifai ɗaya ko biyu aka tsara musu, da ƙaramar fanka ɗaya ko biyu. Mu muka ƙara musu kaya har uku, muka ajiye su a ɗakin da ya zarce iyakarsu da digiri bakwai ko takwas, sannan a ce a bar su a rufe kamar yadda masana'anta ta fito da su? Masana'antar ba ta san Shinkafi ba.

Suna da hujja ta biyu da ta fi wannan kaifi, kuma ita ce ta fi ba ni tunani. Suka ce akwati rufaffe yana ɓoye cuta. Fankar ciki za ta tsaya mako guda ba wanda ya sani. Rariyar da aka sa a gaba don tare ƙura za ta toshe ta zama kamar bargo, na'ura tana shaƙewa a ciki, a waje kuwa tana nan fes. Wa zai wanke rariyar? Maigida yana kasuwa, yaron shago ba a nuna masa ba, ko an nuna masa ya manta. A buɗe kuwa, komai a gabanka yake: ka ga ƙura ka hure, ka ga fanka ta tsaya ka taɓa ta. Sannan su ƙara da cewa idan ƙaramar fanka ta mutu, samun madadinta mai kyau sai Gusau ko Kano, hanyar kuma ba kullum mutum ke tashi ya bi ta don abin naira dubu kaɗan ba. Fanka ta tsaye kuwa kowane gida akwai.

To, masu rufewa fa? Su maganarsu daga hanyar iska take farawa. Akwatin kwamfuta ba don ado ko kariya kaɗai aka yi shi ba, shi ne ke tilasta wa iska bin inda ake so: ta shiga ta gaba daga ƙasa, ta ratsa tsakanin faifai, ta bi ta kan babban allo da haƙoran ƙarfen da ke zuƙe zafin furosesa, ta fice ta baya daga sama. Kamar zugazugin maƙeri ne. Iskar da ke sa gawayi ja ba yawanta ne ya yi aikin ba, matsatsen bakin da ta bi ne, ka farka fatar ka ga ko ƙarfe zai yi laushi. Da zarar an cire murfin gefe, fankar baya sai ta riƙa jan iska daga nan kusa da ita, ta daina jawo ta daga gaba. Furosesa, da ke tsakiyar fili, yana samun iskar fanka ta tsaye ya yi sanyi, mai shago ya ga lamba ta sauka ya yi murna. Faifan kuwa suna can a lungun gaba cikin kejinsu, ɗaya a kan ɗaya, iska ba ta ratsa su. Alhali a uwar garke su ne dukiyar. Furosesa idan zafi ya kai shi wajen digiri 95 zuwa 100 yana rage gudu da kansa ko ya kashe na'urar don ya tsira. Faifai ba shi da wannan dabara. Yawancinsu iyakar da aka rubuta musu wajen digiri 60 ce, kuma ranar da ya tafi da fina-finai dubu ko lissafin shekara biyar yake tafiya.

A manyan sabobi na ainihi abin ya fi fitowa fili. Littafin Dell PowerEdge yana gargaɗin kada a bar na'urar tana aiki babu murfi fiye da minti biyar, domin duk tsarin sanyinta a kan rufin ya dogara. Wanda ya taɓa buɗe irinta tana aiki ya ji yadda fankokinta ke tashi da ƙugi.

Sai batun wuta, wanda tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023 ya zama kan gaba a lissafin kowa. Wutar Kaduna Electric ba abin da za ka ɗora na'urar da ba ta barci a kansa ba ne, janareta ya yi tsada, jama'a sun koma sola da inbata. Fanka ta tsaye ta gama-gari tana cin wajen wat 50. A awa 24 ta sha wat-awa 1,200, wato daidai abin da ya kamata ka zara daga batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200 idan ba ka son ka kashe shi da wuri. Ƙananan fankokin akwati masu faɗin milimita 120 kuwa, kowace wajen wat biyu take ci. Uku daga cikinsu ba su kai wat-awa 150 a yini da kwana ba. Akwai kuma tarkon da ya ci mutane da dama: kwamfuta tana kan inbata, fanka tana kan wutar gari. A ɗauke wuta da tsakar rana, fanka ta tsaya, na'ura ta ci gaba da aiki a buɗe, babu iskar waje, ta ciki kuma an riga an warware mata hanya.

Ban da wannan akwai baƙin da ba a gayyata ba. Tsaka tana son ɗumin fawa-fak, wato akwatin da ke ba na'ura wuta, kuma duk mai gyara ya san warin da ke tashi idan ta haɗa wayoyi biyu da jikinta. Zanzaro kan gina ɗakinsa na laka a kusurwar allo. Kyankyaso, gizo-gizo, ɓera, da ƙaramin yaro mai son tura yatsa cikin abin da ke juyawa, da kofin shayin da aka ɗora a gefen tebur, duk akwati buɗaɗɗe maraba yake yi da su.

Dabarar masu rufewa game da ƙura mai sauƙi ce, ko da yake mutane kan juya ta. A sa fankokin da ke shigar da iska su fi masu fitarwa ƙarfi, misali biyu a gaba ɗaya a baya, a kuma sa rariya a gaban masu shigarwar. Idan iskar da ke shiga ta fi wadda ake ja waje, rarar sai ta riƙa tsiyaya ta kowace kafa da ramin kusa, ƙura ba ta samun shiga ta nan. Ƙofa ɗaya ta rage mata, kuma akwai mai gadi. Idan aka yi akasin haka, aka jera masu fitarwa da yawa da tunanin a kori zafi, akwatin sai ya koma zuƙar iska ta kowace tsaga, har ta ramukan USB. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: riƙe siririn zare kusa da wata kafa a bayan akwatin. In ya karkata waje, daidai ne. In ya manne, ana shan ƙura.

Amma a faɗi gaskiya, rariyar gida ba ta tare ƙurar hunturu duka. Ƙurar ta fi gari laushi, tana ratsa yadin gidan sauro kamar babu shi, siririn soso ma ba duka yake kamawa ba. Abin da rariya ke tarewa shi ne zare-zare, gashi, yanar gizo, ɓurɓushin auduga da ƙaiƙayin gero, wanda a garin hatsi da dabbobi kamar Kasuwar Daji ba ya yankewa a iska. Kuma su ne masu ɓarnar, domin su ke maƙalewa a haƙoran ƙarfen furosesa su zama raga, ƙura mai laushi ta zo ta cike ragar. In babu su, yawancin ƙurar yadda ta shigo haka take ficewa. Inda hayaƙin janareta ko na mai tuya ke shigowa shago kuwa, maiƙonsa kan sa ƙurar ta daskare ta yi danƙo, ko bulowa ba ta ɗaga ta.

Manyan kamfanonin duniya sun auna waɗannan abubuwa, kuma abin da suka samu bai ba kowane ɓangare cikakkiyar nasara ba. A 2007 injiniyoyin Google suka fitar da bincike kan faifai fiye da dubu ɗari, suka ga zafi matsakaici ba ya kashe faifai kamar yadda aka daɗe ana tsoro. Sai da ya haura wajen digiri 45 lalacewa ta fara ƙaruwa, musamman ga faifan da suka shekara uku zuwa huɗu. Mu kuwa tsofaffin faifai muke saye, kuma ɗakinmu kansa yana kusantar 45 kafin a kunna komai. Kamfanin Intel ma ya yi gwaji a jihar New Mexico ta Amurka tsakanin 2007 da 2008, ya bar ɗaruruwan sabobi wata goma suna shan iskar waje ba tare da tacewa ta kirki ba. Ƙura ta lulluɓe su, amma lalacewar da ta ƙaru kaɗan ce. Masu cire riga za su so wannan labari, sai dai su tuna abu biyu: sabobin a rufe suke da murfinsu, kuma zafin iskar iyakarsa wajen digiri 33 ne. Wani binciken da aka yi kan cibiyoyin Microsoft a 2016 ya nuna laima a iska ta fi zafi cutar da faifai. Wannan ya shafe mu a Yuli da Agusta, lokacin da ƙurar da ta kwanta tun hunturu ke shan danshi ta fara cin ƙafafun kayan allo.

Akwai wani ɗan lissafi da ke warware rabin gardamar. Fanka ba ta sanyaya iska. Mutum yana jin sanyinta ne don gumi na bushewa a jikinsa, na'ura kuwa ba ta gumi. Iyakar abin da fanka za ta yi mata shi ne ta kusantar da ita ga zafin ɗaki. Na'urar da ke cin wat 100, idan iska mita-kubik 60 na ratsa ta a awa ɗaya, iskar za ta fita da ƙarin digiri biyar kacal. Fanka ɗaya mai milimita 120 tana iya tura wannan ko fiye idan hanya a buɗe take. A ɗaki mai digiri 42, cikin akwati zai zauna wajen 47. Idan rariya ta toshe har iskar ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarin zai zama digiri 20, cikin akwati ya kai 62. Ga inda masu cire riga suka yi gaskiya ɗari bisa ɗari: akwati rufaffe mai toshasshiyar rariya ya fi buɗaɗɗe haɗari nesa ba kusa ba. Ga kuma inda suka yi kuskure: ba a buƙatar guguwar fanka ta tsaye, iska kaɗan mai bin hanya ta wadatar.

Ni dai ina tare da masu rufewa, amma da sharaɗin da su kansu ba su cika faɗa wa mai shago ba. Wanda ya san ba zai wanke rariya ba, kada ya sa mai kauri. Ya sa yadin gidan sauro kawai don ƙwari da zare, ya yarda zai hure na'urar akai-akai. Wanda zai kula, ya bi shekara yadda take juyawa. A hunturu sanyi na taimakonsa, sai ya sa soso, ya rage gudun fankoki don kada su jawo ƙura fiye da buƙata, ya wanke soson duk mako ya bar shi ya bushe sarai. Da bazara ta shigo ya cire soson ya bar raga, ya sake wa fankoki linzami. Kafin ruwan farko ya yi wa na'urar shara ta gaske, don kada damina ta tarar da ƙura a kwance. Wajen hurewa a kashe ta a zare waya, a riƙe fukafukan fanka da yatsa kada iska ta juya su fiye da kima. Injin iskar mai faci yana da jaraba don yana kusa kuma yana da ƙarfi, amma yakan feso ruwa da mai daga tankinsa. Ƙaramar bulowa ta hannu ta fi. Idan furosesa ya ci gaba da zafi bayan an share, sau da yawa man da ke tsakaninsa da ƙarfen ne ya bushe ya zama alli, sai a goge a shafa sabo.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ɓangarorin biyu ke ta jayayya a kan murfi, su bar ɗakin. Digiri biyar da ake kokawa a kansa a cikin akwati, ana iya samun fiye da shi ta hanyar sauya wa na'urar wurin zama. Tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin soro yana riƙe sanyin dare har la'asar, abin da shagon bulo mai kwano ba ya yi. In babu shi, silin ko rumfa a kan bangon yamma ma wani abu ne. A ɗaga akwatin daga ƙasa, inda shara da sawun mutane ke tayar da ƙura, a ba bayansa tazarar taƙi guda daga bango don iskar da ta fita kada ta kewayo ta sake shiga. A raba shi da inbata da batura, waɗanda su ma zafi suke fitarwa kuma zafi ke rage musu kwana. Masu kulle na'ura a kabad saboda ɓarayi suna da uzuri, amma kabad marar kafa tanda ce. A huda shi ƙasa da sama, a sa masa tasa fankar.

Sannan a tambayi kai ko ana buƙatar wannan zafin tun farko. Wasu kan sayo tsohuwar saba ta kamfani don arha da kwarjini, ta zo tana cin wat ɗari da wani abu ko ba ta aikin komai, ga ƙara kamar injin niƙa. Aikin raba fayil ga kwamfutoci goma, ƙaramar kwamfuta mai girman littafi da ke cin wat 10 zuwa 20 za ta yi shi, kuma sanyaya ta ba ya buƙatar muhawara. Manyan ayyuka kamar kwafe faifai zuwa faifai a bar su sai bayan isha'i ko da asuba.

Cire riga yana da ranarsa. Fankar ciki ta mutu ana tsakiyar aiki, ko ƙaramin akwatin ofis ne da babu inda za a ɗaura masa ƙarin fanka, ko kuwa irin akwatunan nan ne masu fuskar gilashi da aka yi don kallo. A irin wannan hali a buɗe, a saita fankar ta bugi faifai maimakon furosesa, a haɗa ta a layi ɗaya da kwamfutar, a rufe gefen da raga, a kuma aika a sayo abin da ya lalace. Wanda har yanzu yake shakka, manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce kuma tana nuna zafin kowane faifai. Ya duba da ƙarfe uku na rana a watan Afrilu, yau a rufe da rariya wankakkiya, gobe a buɗe da fanka, ya rubuta lambar faifan da ya fi kowanne zafi a ranakun biyu. In ta haura 50 a duka biyun, ya bar murfin ya nemi wani ɗaki.